Sayen Gida a Gefen Abuja: Abin Dubawa Kafin a Biya Kuɗi, da Yadda Zaman Yake

Ma'aikacin da ke aiki a Garki ko Wuse ko Sakatariya, wanda albashi ne madogararsa, idan ya tashi sayen gida ba Maitama zai nufa ba. Zai duba Kubwa, Dutsen Alhaji, Lugbe, Kuje ko Gwagwalada, ko kuma ya tsallaka iyaka zuwa Mararaba da Masaka a jihar Nasarawa, ko Madalla da Suleja a jihar Neja. A waɗannan wuraren kuɗin da ba zai sayi fuloti a cikin gari ba yana iya sayen gida mai ɗaki uku da falo. Sai dai sauƙin nan yana da dalili. Ragowar kuɗin ana biyansa daga baya, a kan titi, a wajen 'yan garuwa, wani lokacin a kotu. Don haka ginin shi ne abu na ƙarshe da za ka duba. Hanya da takarda da ruwa suna gabansa.

Fara da hanya

Dillali zai kai ka ganin gida ranar Asabar da hantsi, titi fayau, ya ce maka minti ashirin ne zuwa cikin gari. Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar Asabar. Kai kuma Litinin za ka riƙa fita. Ka kwana a unguwar, ko ka yi sammako ka je, ka taso daga ƙofar gidan ƙarfe shida da rabi na safiyar Litinin da agogo a hannu har ƙofar ofis. Da yamma ka sake gwadawa, ka taso daga ofis ƙarfe biyar. Idan da hali ka maimaita ranar da aka yi ruwa.

Manyan hanyoyi uku ne ke shigar da mutane birnin, kowacce da halinta. Titin Kubwa zuwa Zuba da titin filin jirgin sama da ya bi ta Lugbe duk masu faɗi ne, matsalarsu ta fi yawa a mahaɗa, inda motocin unguwa ke rububin hawa babban titi. Hanyar Keffi kuwa, wadda ta ɗebo Masaka, Ado, Mararaba, Nyanya da Karu ta zuba su a mahaɗar AYA da ke Asokoro, ita ce mai cin rai. A taswira Mararaba ta fi Kubwa kusa da tsakiyar gari, amma tirela ɗaya ta lalace a hawan Kugbo, sai a yi awa biyu ana jan jiki. Shi ya sa mazauna can da yawa ke barin gida da an idar da sallar Asuba. Mai zama Suleja kuma ya sa ranar kasuwar Madalla a lissafinsa.

Daga nan sai ka zauna da biro da takarda. A ce tsakanin gidan da ofis kilomita 30 ne. Zuwa da dawowa 60 ke nan, a kwana 22 na aiki kilomita 1,320. Motar da ke cin lita ɗaya a kilomita 10 za ta sha lita 132 a wata, ban da abin da take ƙonawa a tsaye cikin cunkoso, ban da juyen baƙin mai da taya da birki. Ka ninka da farashin litar yau. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan lissafin ya zama shi ne hayar da mai gidan kansa ke biya, kuma akwai waɗanda suka ajiye motocinsu suka koma hawan ta haya saboda shi. Idan kuɗin ya zarce kashi ɗaya cikin biyar na albashinka, gidan ya yi maka nisa komai arharsa.

Kada ka manta da ɗan guntun da ke tsakanin kwalta da ƙofar gida. Kilomita biyu na jar ƙasa, da rani ƙura ce kawai, da damina kuwa suna iya hana ƙaramar mota fita, 'yan acaɓa su ninka kuɗi. Ka duba ko akwai kwalbati ko 'yar gada a hanyar, ka tambayi mai shago ko ruwa yana haurawa kanta. Masu zama ɓangaren Kubwa suna da wani zaɓi, jirgin ƙasa na cikin gari da aka buɗe a 2018, ya tsaya a 2020, aka dawo da shi a watan Mayun 2024, wanda ke tsayawa a Gbazango da Kagini da Dei-Dei da Idu. Ka duba jadawalinsa da kanka kafin ka dogara da shi.

Takarda: nan ake asarar dukiya

Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Abin da mutum ke samu izinin zama ne, galibi na shekara 99, kuma shaidarsa ita ce takardar mallaka da kowa ke kira C of O. A birnin tarayya babu gwamna, Ministan Abuja ne ke bayar da fili. Wannan bambancin ba ƙarami ba ne. A cikin yankin birnin tarayya takardar sarki ko dagaci ko mai unguwa ba ta mallaka wa kowa fili a idon hukuma, ko da hatimi goma a kanta. Mutum zai sayi fili a hannun 'yan asalin wuri, ya gina, ya yi shekara goma a ciki, ranar da aikin titi ko wani rukunin gidaje ya biyo ta wajen, sai ya wayi gari da jan fenti a katanga. Idan an yi rusau, wanda ya sayi irin wannan filin ba shi da bakin neman diyya.

Akwai kuma takardun da ƙananan hukumomin birnin shida suka bayar a da, wato AMAC, Bwari, Kuje, Gwagwalada, Kwali da Abaji. Tun 2006 aka ce masu su su miƙa su a tantance, kuma akasarinsu har yau suna jiran sakamako. Gidaje da yawa a Kubwa da Lugbe da Kuje a kan irin wannan takardar suke. Ana sayensu, ana sayarwa, amma farashinsu bai kamata ya kai na mai C of O ba, kuma dole ka ga takardar shaidar cewa an miƙa don tantancewa.

Matakin da ba a tsallakewa shi ne bincike a ofishin filaye. A birnin tarayya AGIS ne, a Nasarawa NAGIS, a Neja NIGIS. Lauyanka zai rubuta takardar nema, a haɗa da kwafin takardar filin da amincewar mai sayarwa, a biya kuɗin binciken a banki. Rahoton zai nuna sunan wanda ke kan fayil, girman filin, abin da aka ware shi dominsa, ko an jinginar da shi a banki, ko an soke shi, ko akwai gargaɗin shari'a a kai. Idan mai gida ya fara kame-kame da aka zo batun bincike, ko dillali ya ce akwai wani Alhaji da zai biya gobe, ka bar wa Alhajin. Lauyan kuma ya zama naka, kai ka nemo shi, kai za ka biya shi. Lauyan mai sayarwa aikin mai sayarwa yake yi.

Ka tambayi kuɗin ƙasa da ake biyan gwamnati duk shekara, ka ga rasit. Mutane sun daɗe suna raina shi, har sai da hukumar birnin ta soke takardun filaye sama da dubu huɗu a 2025 saboda bashin da ya haura shekara goma.

Takarda na iya zama sahihiya amma ta wani filin ce daban. Wannan damfara ta zama ruwan dare: a nuna maka fuloti mai kyau a bakin hanya, takardar kuwa ta wani ce can cikin kwari. Maganinta safiyo, wato mai awon fili. Ka ɗauki naka, ya je da na'urarsa ya ɗauki lambobin kusurwoyi huɗu, ya gwada da waɗanda ke jikin zanen filin, ya nemo duwatsun iyaka. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 kusan murabba'in mita 465 ne, mai ƙafa 100 da 100 kusan 930. Shi ne kuma zai gaya maka ko katangar ta ci hanya, ko gidan yana ƙarƙashin babbar wayar wuta. Ƙa'ida ita ce a bar mita 25 kowane gefe na layin 330kV, mita 15 na layin 132kV, mita biyar da rabi na 33kV. Gidan da ya shiga ciki yana kan layin rusau.

Idan a rukunin gidaje ne na kamfani, babbar takardar tana hannun kamfanin, kai takardar rabo kawai za a ba ka. Ka bincika babbar takardar, ka ga izinin gini, ka sa a rubuta a yarjejeniya yadda za a fitar maka da taka takardar da wanda zai biya kuɗinta. Sayen gidan da ba a gina ba, wanda aka nuna maka hotonsa a kwamfuta, caca ce. Idan ka ga dole, ka ziyarci wani rukunin da kamfanin ya gama, ka tambayi mazauna ciki shekara nawa suka jira, kuma kada ka biya gaba ɗaya, ka biya bisa matakin da ginin ya kai.

Gidan gado kuma yana da nasa sharaɗin. Babban wa shi kaɗai ba ya sayar da gidan marayu. Ka nemi takardar rabon gado daga kotu, kowane magaji ya sa hannu, mata da maza, wanda ke nesa ya aiko da wakilci a rubuce. Ƙanwa ɗaya da ba a shawarta ba, ita kaɗai tana iya tayar da cinikin bayan shekara biyar.

Duba ginin

Lokacin ganin gida shi ne Agusta da Satumba, ruwa na tsakiyar zuba. Da rani kowane gida lafiyayye ne. Idan ciniki ya faɗo da rani, akwai alamun da ba sa ɓuya. Ka duba gindin bango daga waje da ciki: fentin da ya kumbura yana ɓarewa, farin gishiri-gishiri da ke fitowa, ko layin da ya canza launi daidai gwiwa, duk suna nuna danshi na hawa daga ƙasa ko ruwa ya taɓa kwanciya. Idan an yi wa gidan sabon fenti, ka duba katangar maƙwabta, su ba su yi ba. Ka lura ko daɓen gidan ya fi titi tudu ko titi ya fi shi. Unguwar da ba a yi wa kwalta ba, ranar da za a yi, titi zai ƙara tashi, gidan da ke daidai da shi yau zai koma rami. Fadamar da aka cike da ƙasa aka yanka fuloti ita ce mafi haɗari. Ambaliyar da ta ci wani babban rukunin gidaje a Lugbe a watan Yunin 2023 a kan hanyar ruwa ta faru, kuma ba shi ne karo na farko a wurin ba.

Ka zo da magininka ko injiniya, kada ka dogara da idonka. Tsagar da ke kan filasta kamar gashi ba komai ba ce. Wadda ta taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ta ratsa bulo har ana ganinta ta ɗaya gefen, tana nuna fandisho na nutsewa, kuma gyaranta ba na cikawa da siminti ba ne. Ƙofar da ba ta rufuwa sai an ɗaga ta ma alama ce. A samu inda ba a yi filasta ba, a kankare bulon da ƙusa. Bulo mai inci tara na kirki ana fitar da kusan talatin a buhun siminti mai kilo 50, masu gina na sayarwa kuwa suna kai shi hamsin, irin wanda ke marmashewa a hannu. Ka tambaya ko an zuba daɓen kankaren da magina ke kira jaman fulo, domin rashinsa ne ke sa tayil ya riƙa tsagewa yana ƙara idan an taka.

Wani ya hau cikin silin da tocila. A duba katako ko gara ta ci, a duba hasken rana na shigowa ta hujin kwano, a duba kaurin wayar wuta. Na fitilu murabba'in milimita 1.5, na soket 2.5, na na'urar sanyaya ɗaki da hita 4, kuma ta jan ƙarfe. Siririyar waya mai arha ita ce ke kawo gobarar dare. A buɗe kowane famfo, a kora kowane masai sau biyu a ga ko yana tafiya.

Sai wani abu da mutane ba sa son tunawa. Shawarar ma'aikatan lafiya ita ce a bar kusan mita 30 tsakanin sokawe da rijiya ko burtsatse. Fulotin ƙafa 50 da 100 kuwa tsawonsa gaba ɗaya mita 30 ne, kuma maƙwabcinka ma yana da nasa ramin a jikin katangarka. Ma'ana a yawancin unguwannin nan ƙa'idar ba ta cika. Ka ɗebi ruwan ka kai ɗakin gwaji kafin iyalinka su fara sha.

Biyan kuɗi

La'adar dillali a ciniki yawanci kashi biyar ne cikin ɗari, na lauya tsakanin biyar da goma, ga harajin hatimi da kuɗin rajista da na neman amincewar minista ko gwamna. Ka ware aƙalla kashi 15 a kan farashin gidan domin waɗannan da ƙananan gyare-gyare. Ka tambayi tun farko dillalai nawa ne a cinikin, domin ranar biya sukan fito su biyar kowa da hannu a buɗe.

Kafin alƙalami kada ya fita sai rahoton bincike ya fito. Kuɗi ta banki za su bi, zuwa asusun wanda sunansa ke kan takarda, ba na ɗansa ko dillalinsa ba. A rana ɗaya ake sa hannu a takardar sayarwa gaban shaidu, a karɓi asalin takardu da makullai. A Abuja an saba haɗawa da takardar wakilci wadda ba a sokewa, amma ita kaɗai ba ta mayar da gida naka ba. Sai an yi rajistar cinikin an samu amincewar hukuma sunanka zai hau fayil. Masu jinkirta wannan saboda tsada su ne ake sayar da gidansu sau biyu.

Ma'aikacin da ake cire masa kashi 2.5 na albashi domin asusun gidaje na ƙasa yana da damar neman rance daga Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya bayan wata shida yana zubi, a kan ruwa kashi 6, biya har shekara 30. Tun 2022 kuma hukumar fansho ta yarda a ciri har kashi 25 na asusun fansho a biya kason farko na lamunin gida, ga wanda ya yi wata 60 yana zubi. Wanda ke gudun riba yana iya zuwa bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, a yi masa tsarin ijara, wato haya har gidan ya zama nasa, ko murabaha, wato banki ya saya ya sayar masa a kan farashin da aka amince. Dukkansu dai sai gidan yana da takarda mai kyau, babu bankin da zai karɓi takardar mai unguwa.

Zaman kansa

Ruwan famfo daga madatsar Usuma yana kaiwa wasu sassan Kubwa da maƙwabtanta, amma sabbin unguwanni da ɓangaren Mararaba burtsatse ne da 'yan garuwa. Ƙarƙashin ƙasar yankin dutse ne, ruwa a tsagar dutsen yake, shi ya sa wani zai haƙa ya samu, maƙwabcinsa ya haƙa ya tashi a banza. Tambayar da za ka yi ita ce ko burtsatsen yana kawo ruwa a Maris da Afrilu. Gida mai mutum shida, kowa lita 50, yana shan lita 300 a rana, jarka 12 masu lita 25, kusan kura guda ke nan kullum. Tanki mai lita 2,000 zai riƙe irin wannan gidan kwana shida idan wuta ta ɗauke.

Wuta daga kamfanin rarraba lantarki na AEDC take a birnin tarayya da Nasarawa da Neja. Ka gano rukunin layin unguwar: A awa 20 ne a rana, B 16, C 12, D 8, E 4, a takarda ke nan. Na rukunin A sun ga ƙarin kuɗi zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024. Kafin ka biya kuɗin gida, ka sayi katin wuta na ɗan kuɗi kaɗan a mitar, ka ga yunit nawa ya fito. Idan ya gaza, akwai tsohon bashi da ake cirewa, a sa mai gidan ya biya ko a rage a farashi. Gidan da ba mita kuma ka nemi ganin bil na ƙarshe. A doka gyaran taransifoma aikin kamfani ne, a aikace kuwa mutanen layi ne ke karo-karo, don haka ka tambaya gida nawa ke kan taransifoma ɗaya da kuma yaushe ta ƙone na ƙarshe.

Unguwar 'yan aiki da rana kufai ce, daga ƙarfe bakwai maza sun watse, sai mata da yara da masu gadi. Ɓarayin rana sun san haka. Gidan da ke ƙarshen unguwa, jikin daji ko gindin dutse, kewaye da kangaye, shi ya fi arha kuma shi ya fi haɗari, kamar yadda sace-sacen mutane a yankin Bwari a ƙarshen 2023 da farkon 2024 suka nuna. Gara ƙaramin gida a tsakiyar mutane. Da ka tare, ka je ka gaida mai unguwa da limamin masallacin layi, ka shiga ƙungiyar mazauna, ka biya kuɗin 'yan sintiri da na kwasar shara a kan lokaci, ka karɓi lambar ofishin 'yan sanda mafi kusa. A rukunin gidaje na kamfani kuɗin hidima na shekara wajibi ne, ka san nawa ne da wanda ke da ikon ƙara shi tun kafin ka sa hannu.

Makarantar yara a nema a unguwa, kada a riƙa jan ɗan shekara biyar cikin cunkoso tun duhun asuba. A san asibitin da ke karɓar haihuwa da dare da minti nawa ake yi kafin a kai, musamman inda ake kulle ƙofar layi ƙarfe goma ko sha ɗaya, a kuma san wanda ke riƙe da makullin. Mai hawa motar haya ya hau a tasha, ko ya haɗa kai da maƙwabta uku ko huɗu masu aiki waje ɗaya su riƙa karo-karon mai. Motar da ta tsaya maka a bakin titi da magariba, mutum uku a ciki, gilashi mai duhu, tana kiran Nyanya ko Kubwa saura mutum ɗaya, irinta ce 'yan fashin da ake kira wan-cans ke amfani da ita, ka bar ta ta wuce ka jira ta gaba.